Kafin Ka Sayi Gwangwanin Kumfa, Fita Ka Duba Indararonka

Idan kana leƙa TikTok ko Facebook, ai ka ci karo da bidiyon nan. Wani Bature ya huda daɓen siminti da inji, ya soka bakin wata bindiga a ramin, ya danna. Kana kallo sai ka ga falalen kankare da ya nutse yana tasowa a hankali kamar ƙullin alkubus, har ya yi daidai da na kusa da shi. Daƙiƙa talatin an gama, ba ƙura, ba lebura, ba tifar yashi. A ƙasan bidiyon kuwa ga 'yan gida nan birjik, wannan na tambayar a ina ake sayarwa, wancan na kiran abokinsa ya zo ya gani, wani har ya fara lissafin jari.

Bidiyon ba ƙarya ba ne, kuma ba haɗin kwamfuta ba ne. Aikin gaske ne. Matsalata da shi ita ce abin da yake sa wa mutum a rai: cewa daɓen ɗakinka da ya lotsa, ko bangon shagonku da ya dare, duk maganinsu na cikin gwangwani guda da za ka saya a Ƙofar Ruwa ka riƙo a leda. Kai da ke Rurum Tsohon Gari, ko Rano, ko Kibiya, kana harhaɗa kuɗin gyaran ɗaki kafin damina ta kankama, ina so ka tsaya ka ji ni kafin ka tura kuɗin nan.

Mu fara da ita kanta kumfar. Sunanta foliyuretan, kuma ka daɗe da saninta ba ka sani ba. Dangin ta ne katifar soso da kake kwana a kai, ita ce kuma a cikin bangon firij da kular ƙanƙara. Wani masanin sinadarai ɗan Jamus, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka gano ta a 1937. Ɗaga kankare da ita kuwa daga baya ya zo, wani kamfanin ƙasar Finland mai suna Uretek ne ya yi fice a kai fiye da shekara 40 da suka wuce. Kafin nan, har yanzu ma a wasu wurare, kunun siminti da ƙasa ake ɗurawa a ƙarƙashin daɓen da famfo mai ƙarfi.

Wadda kake gani a bidiyo ruwa biyu ne daban-daban, kowanne a gangarsa, a cikin mota. Inji ne ke ɗumama su, ya auna su, ya turo su ta mesa biyu, ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar. Da sun haɗu sai su yi zafi su kumbura nan take, su cike kogon da ke ƙasa, su turo daɓen sama. Ramin da ake hudawa bai wuce milimita 16 ba, kamar kaurin babban yatsa. Cikin kamar minti 15 ta yi tauri har mota ta hau. Mai aikin kuma ba da ka yake dannawa ba, akwai na'urar auna daidaito da yake kallo, yana ɗura kaɗan yana tsayawa, don in ya zarce babu komawa baya. Ba a sace wa kumfa iska.

Ta gwangwani kuwa, wadda ake sayarwa a shagunan kayan gini, wata aba ce daban. Ruwa ɗaya ce, kuma danshin iska take buƙata kafin ta bushe. Ka cusa ta cikin rami mai zurfi da iska ba ta shiga, bayanta zai yi ɓawo, cikinta ya zauna danƙo-danƙo. Ba ta da nauyin jiki irin na waccan, ka danna da yatsa za ta lotsa. Masu yin ta ma ba su ce don ɗaukar nauyi suka yi ta ba, don toshe kafa ce. Suna ɗaya, kala ɗaya, aiki daban. Wanda ya sayar maka da gwangwani yana nuna maka wancan bidiyon, ko dai bai sani ba, ko kuma ya san kai ne ba ka sani ba.

Ɗauki wayarka mu yi lissafi. Ɗaki ƙafa 12 a kan 12 kusan murabba'in mita 13 ne. In kaurin daɓen santimita 10 ne, nauyinsa ya haura tan 3, wato ya fi buhun siminti 60. In ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zauna da santimita 5 kacal, kogon da ke wurin ya kai lita 650. Babban gwangwani mai mililita 750, abin da masu shi ke rubutawa a jiki bai cika wuce lita 45 ba, shi ma a fili ne inda ta samu iska ta sake. Ka ga kana maganar gwangwani goma sha huɗu ko fiye, ka zuba a ramin da ba ka gani, ba kuma za ta bushe yadda ya kamata ba. Je ka tambayi kuɗin gwangwani ɗaya, ka ninka, sannan ka tambayi birkilan unguwarku nawa zai karɓa ya fasa daɓen ya sake. Na san tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 kowa ke neman hanyar kauce masa, amma wannan ba hanya ba ce.

To a ce ma ka samu ta gasken, mota ta zo har ƙofar gida da gangunanta. Tambayar da bidiyon bai taɓa yi ba ita ce, me ya sa daɓen ya nutse tun farko?

Siminti ba ya nutsewa don ra'ayin kansa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta gudu ta bar shi. A yankinmu kuwa abin da ke kore ta sananne ne. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma garin da ke gindin duwatsu irin Rurum ba ruwan da ya sauka a kansa kaɗai yake karɓa ba. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa a watan Agusta gangarowa yake da gudu, ya bi lungu, ya nemi inda ya fi taushi. Ƙara da indararon da ya karye yana tsiyaya a gindin bango, da kwatar wanke-wanke da ta bi ta jikin harsashi shekara da shekaru, da bututun da ke yoyo a ƙarƙashin tayil ba wanda ya sani, da masai da aka haƙa dab da ɗaki. Wuraren da ke kusa da fadama kuma akwai laka mai kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, ginin da ke kanta yana hawa yana sauka kamar mai numfashi.

Sai babban laifin, wanda namu ne mu da kanmu: ciko. Kowa ya san yadda ake yi. An ɗaga gini ya kai linta, kuɗi sun fara ƙarewa, sai a kwaso duk abin da aka samu a cika ɗaki, ɓaraguzan bulo, ƙasar bola, leda, tsumma, a zuba gaba ɗaya a rana guda, yara su ɗan tattaka, washegari a zuba kankare. Bayan damina biyu shara ta ruɓe, ƙasa ta zauna, sai ka ji kana taka tsakar ɗaki tana amsawa kamar ganga. Filin da asalinsa kududdufi ne aka cike aka yanka fuloti, wannan kam ba sai na faɗa ba.

Kumfa ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ka ɗaga daɓen yau, indararo na nan yana aikinsa, baɗi war haka ƙasar da ke ƙarƙashin kumfar ta sake gudu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mutumin Rurum ba ya buƙatar Bature ya koya masa wannan darasi, don yana da malami a maƙwabta. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, jikinta ba kankare ba ne. Ƙasa ce. Tsawonta kusan kilomita 6, tsayinta ya kusa mita 50, tana tare ruwan da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Me ya ba ƙasa wannan ƙarfi? Shimfiɗa ta aka yi kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a danne da manyan injuna, a ƙara wata, a sake dannewa. Wannan dai shi ne abin da kakanninmu mata ke yi ranar daɓe. A baza tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa tun hantsi, a ƙara ruwa a sake bugu, daga ƙarshe a bi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa ya yi duhu ya yi sheƙi. Ba siminti ko cokali ɗaya, amma daɓen ya yi shekaru. Mu da muka zo da siminti sai muka ɗauka shi zai yi mana aikin madaɓi. Ba ya yi. Ciko na gari ba ya wuce santimita 15 a shimfiɗa ɗaya kafin a jiƙa a daddaɓe, ko da injin haya ko da turmin ƙarfe, sannan a ƙara wata. Aikin kwana uku ne mai gajiyarwa, ba kuma wanda zai ɗauke shi a bidiyo ya samu mabiya, shi ya sa ba ka ganinsa a wayarka.

Yanzu ga inda maganar ta wuce asarar kuɗi ta koma ta rai: tsagar bango.

Toshe tsaga da kumfa ya fi ɗaga daɓe sauƙi, shi ya sa ya fi haɗari. Ka fesa, ta kumburo, ka yanke da wuƙa, ka shafa filasta, ka bi da fenti, wallahi ko injiniya sai ya ƙura ido. Amma kumfa ba ta ɗinke bango. Ba ta riƙe bulo da bulo. Abin da ta yi kawai shi ne ta rufe bakin da ginin ke yi maka magana da shi.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kar ka ɗaga hankalin gida a banza. 'Yan siraran nan masu kama da gashi da ke fitowa a filasta, yawanci bushewa ce da zafin rana. Wadda za ka tsaya a kanta ita ce mai tafiya a karkace kamar matakala tana bin layin bulo, musamman in ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa. Wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi. Wadda kake hango haske ta cikinta. Wadda ta zo tare da ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa kafaɗa. Cibiyar binciken gine-gine ta Ingila ta daɗe da rarraba tsaga bisa faɗinta, kuma ma'aunin yana da sauƙin riƙewa: ƙasa da milimita 5 gyaran kwalliya ne, daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an duba, abin da ya haura 15 babban aiki ne, in ya wuce 25 kuwa ana maganar tokare gini ne da sake wani sashe. In ɗan yatsanka na shiga, ka daina tunanin fenti.

Wayar da ta nuna maka bidiyon tana iya yi maka aikin da ya fi wannan. Sami fensir ka yi alama a inda tsagar ta ƙare sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a jikin bangon. Kara rula a kanta ka ɗauki hoto. Duk Juma'a ka sake ɗauka a wuri ɗaya. In ta daɗe tana nan inda take ba ta motsa ba, to a tone ta a cike da siminti da yashi. In kuwa ta wuce alamarka, ginin yana motsi, kuma wannan ba aikin ɗan fenti ba ne. A nemo injiniyan gini mai rajistar COREN, a nuna masa hotunan. Kafin ya zo a janye shimfiɗar yara daga jikin bangon.

Mun ga benen da ake ginawa a titin Beirut cikin Kano da ya rufta a ƙarshen Agustan 2022, a tsakiyar kasuwar waya. Mun ga makarantar Saints Academy a Jos ranar 12 ga Yulin 2024, inda aka rasa rai 22, galibinsu ɗalibai. Ba kumfa ce ta rushe su ba, ban kuma ce ita ce ba. Na kawo su ne don ka tuna cewa gini in ya tashi zuwa ba ya sallama. A karkara ma duk damina sai an ji katanga ta faɗa wa masu barci, sai dai labarin ba ya kaiwa jarida. Kai ɗalibi mai neman ɗakin haya a birni, ke kuma da ake shirin yi wa jere, in kuka ga bango ɗaya ya sha sabon fenti sauran ukun ba a taɓa su ba, ku tambaya. Ku ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa. Siminti yana amsawa da ƙarfi, kumfar da aka lulluɓe da filasta kuwa sautinta a dushe yake. Ba rashin kunya ba ne, kuɗinku ne da wuyanku.

Ginin ƙasa fa? Nan kam ina roƙonka, kar ma ka kusance shi da gwangwani. Kumfa ba ta kama jikin ƙasa mai gari, tana maƙalewa ne a ƙurar sama, da ta bushe sai ta bar 'yar siririyar hanya a gefenta. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa mafita, ya jiƙa tubalin daga ciki. Bangon ƙasa yana rayuwa ne da shan danshi da fitar da shi, duk abin da ya toshe masa wannan cutarsa yake. Gara na ratsa kumfa, ɓera na cinye ta kamar biredi. Maganin tsagar ƙasa ita ce ƙasa: a buɗe tsagar, a jiƙa, a cusa kwaɓi mai ciyawa da ya kwana, a yaɓe, a bi da makuba. Ƙasar Rano da tarihin Hausa Bakwai ya ambata tare da Kano a matsayin sarakunan baba, ai ta san katsi, wato dagwalon da ake kwasowa daga karofi, wanda magina ke haɗa laso da shi don hana ruwa ratsa soro. Dattawan da suka san haɗin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In kana neman abin ɗauka da wayarka wanda babu shi a TikTok, ga shi nan a bayan gidanku.

Kar ka ce na tsani gwangwanin. Yana da ranarsa. Ramin da mai sa na'urar sanyaya ɗaki ya huda ya tafi ya bari, kafar da ke tsakanin firam ɗin taga da bango inda ƙurar hunturu da sauro ke shigowa, kewayen bututu, ɗakin ajiyar ƙanƙara, a nan babu kamarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to in kafar ba ta motsi, toshe abinka. Ka ɗan yayyafa ruwa a wurin tukuna, ka girgiza gwangwanin sosai, ka cika kamar rabi don za ta ninka kanta. In ka cika maƙil tana iya lanƙwasa firam ɗin har taga ta ƙi buɗuwa. Ka sa safar hannu, don in ta bushe a fata ba sabulun da zai cire ta. Ka buɗe ƙofa da taga, sinadarin da ke cikinta yana tayar da asma. Iskar da ke turo ta irin gas ɗin girki ce, saboda haka ba sigari, ba kyandir, ba kusa da murhu ko akwatin wayar lantarki. Ka taɓa ganin yadda katifar soso ke cin wuta da irin baƙin hayaƙin da take fitarwa? To dangi ɗaya ne. Bayan ta bushe ka yanke ka rufe ta da filasta ko fenti, in ba haka ba ranar Kano za ta mayar da ita ja, ta dinga zubowa kamar garin kwaki. Kafar da ke tsakanin kwano da bango kuwa, ni dai raga na fi so a wurin. Ka toshe ta ruf, watan Afrilu zai tambaye ka ta ina zafin zai fita.

Saura masu lissafin jari, don na san kuna nan. A Amurka wannan sana'a tana ci ne saboda lebura na da tsada, fasa daɓe a sake shi kuɗi ne mai yawa. A nan lissafin a juye yake: hannu ne mai araha, sinadarin kuma daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, ga injin da kuɗinsa ya fi ƙarfin mai fara nema. Ba mai ɗaki ɗaya a Kibiya da zai biya ka. Inda kasuwar za ta iya samuwa ita ce wurin da rufe aiki na sati guda ya fi kuɗin kumfar ciwo: gidan mai, manyan rumbunan Dawanau, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Su kuwa ba za su ba ka daɓensu don ka kalli bidiyo ɗari ba, za su nemi wanda ya san ƙasa, ya san inda bututu da waya suka bi, ya san cewa kumfa mai yawa a wuri ɗaya tana yin zafin da zai iya ƙona ta. Wannan karatu ne, akwai shi a sashen injiniyan gini na Bayero da jami'ar Wudil da kwalejin fasaha ta jihar Kano.

Sana'ar da na ga tana jiran matashi a Rurum ba ta buƙatar dala. Ƙaramin injin danne ciko na haya, na'urar auna daidaito, da mutum biyu da suka iya gyara indararo da fitar da kwata nesa da gindin gini, su kuma zuba ɗan dakali mai gangara a kewayen gida don ruwa ya yi waje. Ku zagaya unguwa a watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, ku ɗauki hoton kafin da na bayan aiki, ku sa lambar waya a ƙasa. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi kuma ku fita da lema ku bi lungu, duk gidan da kuka ga ruwa ya kwanta a gindin bangonsa ku rubuta shi, washegari ku je ku yi sallama da mai gidan.